Karar da Na Yi wa Mai Tsani

Makaranta dai ban yi nisa ba. Na shiga, na ga yadda malam yake riƙe bulala da hannu biyu, na ce wa kaina noma ma sana'a ce. Amma Allah ya ɗora mini wani ciwo da har yau ban warke ba, wato kwaɗayin manyan kalmomi. In na ji wani ya faɗi Hausa mai nauyi, sai in ɗauke ta in sa a aljihu, in yi ta jiran ranar da zan fito da ita a gaban mutane. Matata takan ce da kalmomi kaji ne, da tuni an kama ni da sata.

Mu nan Kafanchan kowa da yarensa na gida. Ni iyayena daga wajen Godogodo suka fito, abokina kuwa mutumin Kwoi ne. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai dai zagi, wannan kam mun koya wa juna tun muna samari. Hausa ce ta haɗa mu, irin tamu ta nan, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ba ta kuma wahalar da maƙogwaro. Da ita ya raka ni neman aure, da ita muke gardama kowace yamma a gindin mangwaron ƙofar gidansa muna buga dara, yana cuta ina kama shi, ina cuta yana kama ni. Tun da yara suka watse, wasu Kaduna wasu Abuja, zaman nan na yamma shi ne abin da nake tashi da safe ina jira.

Abokin nawa manomin citta ne kamar ni, sai dai shi yana da sito. Shekarar da citta ta yi daraja ya zuba wa siton rufin siminti, abin da muke kira dekin, don ya riƙa shanya a sama inda awaki ba sa kaiwa. Rufi ya yi kyau. Matakala ce bai samu ya gina ba, sai ya jingina tsanin katako ya ce na wucin gadi ne. Tsanin nan ya sha damina da yawa yana wucin gadi.

Wata rana bayan Kirsimeti, lokacin da unguwa duk ta ɗauki ƙamshin citta, kowane gida ana tsaga ana shanya, sai ga shi a ƙofata a kan mashin ɗinsa.

"Kai tsoho, hau mu je ka ga citta. Ba irin naka ba mai kama da yatsun kaza."

"Zan je," na ce masa, "in ga ƙarya da idona."

Shi ya fara hawa tsanin. Da ya kai wajen tsakiya sai na ga ya buɗe ƙafa ya tsallake mataki ɗaya. Na ce a raina, au, nuna mini yake shi har yanzu yaro ne? Ni ma da na kai wurin na tsallake, har da ɗan tsaki. Citta kuwa ta yi. Manya-manya, an tsaga su daidai, sun bushe fari tas. Na ce masa ba laifi, wanda a bakina babban yabo ne, ya kuma sani.

A saukowa ne na manta da yarinta, na taka kowane mataki kamar mai hankali. Ashe na tsakiyan nan gara ta cinye cikinsa, ta bar fata kawai. Ƙafata ta wuce, tsanin ya biyo ni, muka sauka tare. Na ji wani ƙas kamar an karya busasshen itacen rogo, na duba in ga wane katako ne, ashe ni ne.

Abokina fa yana sama, tsani yana ƙasa. Ga ni kwance ina kiran Ubangiji, ga shi can yana zagaye dekin yana ihu kamar akuyar da ta hau katanga ta rasa hanyar sauka. Matarsa ta fito da gudu da wuƙar tsaga citta a hannu, ta dube ni, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Wayyo! Ba ka gaya masa na tsakiya ba?"

Nan na gane duk gidan sun san matakin. Ita ta sani, masu yi musu aiki sun sani, ƙafarsa ma ta sani, shi ya sa take tsallakewa ba sai ya yi tunani ba. Ni kaɗai ne baƙo a wurin tsanin.

Asibiti suka ce ƙashi ya karye a ƙasan gwiwa, suka naɗe ƙafar da farin simintinsu, suka ce in kwanta. Gaskiya abokina ya yi ƙoƙari. Shi ya kai ni, shi ya dawo da ni, kullum kuma yana bakin gadona da kwanon farfesu yana sannu, sannu, ina ce masa in ya gama sannun ya miƙo cokali. Sai aka yi masa rasuwa a Kwoi, ya ce zai je ya kwana biyu ya dawo.

Yana can sai ga mijin 'yata daga Abuja. Lauya ne, yaro mai ladabi, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Ya faka motarsa a ƙofar gida, ga baƙar rigarsu ta koti a rataye a baya kowa yana gani. Bayan gaisuwa ya ja kujera.

"Baba, shi ya kira ka, ko kai ka je da kanka?"

"Har gida ya zo ya ɗauke ni, Barista. Da zagi ma."

"Ya san tsanin ya lalace?"

"Har matarsa ta sani."

"Ya gaya maka?"

"Ya gaya mini cittana yatsun kaza ne."

Bai yi dariya sosai ba, saboda kunya. Ya yi mini bayani dalla-dalla, yadda ko ni na gane. Ya ce in mutum ya gayyace ka wurinsa, doka ta ɗora masa ya kula kada wurin ya cuce ka. In akwai haɗarin da ya sani, ko ya gyara, ko ya faɗa maka. In bai yi ko ɗaya ba ka ji rauni, kana iya neman diyya: na asibiti, na aikin da ka rasa, har da na zafin da ka sha. Ya ce da ɓarawo ne ya hau tsanin da maganar ta bambanta, amma ni baƙo ne da aka kira.

"Har zafi ana biya?" na tambaye shi.

"Ana biya, Baba."

Kai, na ji daɗi. Ban taɓa sanin ƙafata tana da daraja haka ba. Ƙafar da na yi ta jan ta cikin laka da ƙaya tun ina yaro, yau ga ta a kan filo ana mata maganar doka. Na sa ya maimaita kalmar diyya, na sa ta a aljihu. Matata tana shiga tana fita da abinci, ta ji wannan ɓangaren duka, ta ga kuma yadda nake washe baki.

Abin da ba ta ji ba shi ne na washegari da safe, tana bayan gida tana ba kaji dusa. Na ce masa, "Barista, na gode. Amma in na kai mutumin nan koti, da wa zan yi dara? Da alƙali?" Ya ce haƙƙina ne in nema, haƙƙina ne kuma in bari, sai dai a tabbata an gyara tsanin kafin ya karya wani. Ya shiga mota ya kama hanyar Kagarko, ya koma Abuja.

To a nan ciwona ya motsa. Akwai wata kalma da na daɗe ina ajiye da ita. Wani Alhaji daga Kano mai sayen citta ya taɓa sa hannu a buhuna ya ji da ɗan danshi, maimakon ya mayar mini sai ya ce, "Baba, na yi maka kara saboda girmanka." Na tambayi ma'ana. Ya ce kara ita ce ka ga inda za ka kama mutum, ka kau da kai don mutunci. Shekaru ina neman wanda zan yi wa kara ban samu ba. Yanzu ga dama har gado.

Ranar zumuntar mata, matata tana ɗaura kallabi za ta coci, na gyara murya.

"Maman yara, in kin ga matar abokina, ki ce ta gaya masa in ya dawo, na yi masa kara."

Hannunta ya tsaya a kan kallabin. "Kara?"

"Kara."

"Baban yara, ka yi tunani kuwa? Mutumin nan fa..."

"Na yi tunani, na gama magana. Ki faɗa haka, kada ki rage."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta fita. Ni kuwa na koma kan filo ina jin kaina babban mutum.

Ga wanda bai san mu ba, bari in faɗa. A bakin Bakano kara ta mutunci daban, ƙara ta koti daban. A bakinmu ɗaya ne. Kuma mutanenmu ba su san ta mutuncin ba sam, ta kotin kowa ya sani. Ga mota da baƙar riga ta kwana a ƙofata. Ni duk wannan bai zo mini a kai ba.

Abokina ya dawo daga Kwoi, na ji ƙarar mashin ɗinsa, don ko cikin dubu na san tarinsa. Na sa aka share kujera. Bai zo ba. Washegari bai zo ba. Na kira wayarsa, ta yi ta kuka ba a ɗauka ba. Daga baya na ji cewa wani ɗan ƙaninsa mai aiki a koti ne ya zaunar da shi ya ce, kada ka je, kada ka ɗauki waya, kuma ko a hanya kuka haɗu kada ka ce sannu, don sannu amsa laifi ne, lauyansu zai kama ka da shi. Ban san ko haka doka ta ce ba. Shi dai ya yarda.

Sai in zauna a bakin taga da yamma in ga ya taho. Yana kusa da gidana sai ya rage wuta, mashin yana tafiya kamar zai faɗi, shi kuma wuyansa a sandare yana kallon gaba. Ya wuce. Matata ma ta canza, ta ajiye tuwo ta juya, ba hira. Na ɗauka haushi take ji don na ƙi karɓar diyya, na ce a raina, dubi matar nan, ashe son abin duniya gare ta. Ita kuma kunyar suruki ta hana ta kiran Barista ta tambaya.

Zuciya ta ɗebe ni. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na kai masa kuka.

"Ka ga mutumin nan? Na yi masa kara, amma ko sannu!"

Sai su dubi juna. Wani tsohon malamin firamare ya matso ya rage murya. "Baba, ashe da gaske ne ka yi masa kara?"

"Da gaske mana. Kuma ban yi nadama ba. In aka sake, zan sake."

Ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki hularsa. Da bakina na yi ta raba labarin gida-gida ina kwance. Yamma kuwa ta yi mini tsawo. Ƙafa tana warkewa har na fara dogara sanda, amma ban ga inda zan je da ita ba.

Ana gobe Jibin Ubangiji, ranar da ake cin gurasa mai tsarki a coci, fastonmu ya aiko da mota. Ya ce dattawan ikkilisiya suna son ganina. Na shiga ɗakin da suke zama a bayan coci, sai ga abokina a can ƙarshen benci, hula a hannu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai dube ni ba. Ni ma na ɗaga hanci.

Aka yi addu'a. Babban dattijo ya ce, "Ɗan'uwa, gobe za mu ci daga gurasa ɗaya. Ba daidai ba ne mu zauna a teburin Ubangiji, alhali ka kai ɗan'uwanka koti ba ka fara kawo mana maganar ba."

Koti? Na buɗe baki, sai na ji kalmar ta juyo ta buge ni a goshi. Kallabin matata, fuskar malamin firamare, wuyan abokina a kan mashin, duk suka jeru. Dariya ta taso mini tun daga cikin simintin ƙafata. Amma halin mutum. Na ce bari in ɗan ji daɗin abin tukuna. Na haɗiye dariyar, na sunkuyar da kai, na ja dogon numfashi.

"Dattawa, ƙafa fa ba wasa ba ne."

"Mun sani, ɗan'uwa, mun sani."

"Kuma an ce har zafi ana biya."

Suka shiga roƙo, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, ni ina gyaɗa kai kamar sarki. Da na samu da na kai su azahar. Sai abokina ya miƙe.

"Fasto, an ce kada in yi magana, amma zan yi. Tsani nawa ne. Na san ya ruɓe. Ban gyara ba, ban gaya masa ba. Kowa ya ji, in an kira ku shaida ku faɗa haka. In sito yake so ya ɗauka, da dekin duka." Ya murɗe hular da ke hannunsa. "Amma a bar ni in ce masa sannu. Abin ya tsaya mini a wuya, ko abinci ba ya wucewa."

Ya juyo ya dube ni. "Sannu, tsoho. Yaya ƙafan?"

Nan wasa ya ƙare mini. Na ce, "Zauna, kai wawa, kafin ka ba da matarka ma. Wane koti? Kara na ce na yi maka. Kara!"

"Ai shi muke magana," in ji babban dattijo.

"A'a, ba kara ba. Kara!"

Na faɗi na farko, na faɗi na biyu, na matse maƙogwaro, na turo ido. Da haƙoran da suka rage mini, duka biyun suka fito kamar tagwaye. Ashe ni ma da nake taƙama ban iya raba su ba. Fastonmu ya yi aiki a wajen Zariya kafin a kawo mana shi. Na ga ya kafe ni da ido, sai kafaɗarsa ta fara rawa, ya kifa kai a kan tebur. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, kara ta kawaici kake nufi? Wato ka yafe?"

"Tun ranar da Barista ya tafi!"

Ya tashi ya ɗauki alli, ya rubuta kalmomin biyu a allon makarantar Lahadi, ɗaya da 'yar ƙugiya a ka, ɗaya babu. Ya faɗe su a hankali. Dattawa suka karkata kunne. Babban ya ce, "Fasto, a sake." Ya sake. Dattijon ya girgiza kai. "Ni dai abu ɗaya na ji, sai dai na biyun kamar ka shaƙe."

Ɗaki ya fashe. Matan da ke sharar coci suka taru a taga, da matata a ciki da tsintsiya a hannu. Da ta gane, ta ce a yarenmu wata magana da ba zan fassara ba. Abokina kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Duk Hausan da muke yi tun muna samari bai ishe ka ba? Da ka ce na bar shi, bakinka zai karye? Dubi wuyana! Dubi wandona, da igiya nake ɗaure shi!"

"Ai ka yi kyau haka. Tumbin ya yi yawa da ma."

"Fasto, yanzu ni zan kai shi koti."

Dattawa suka yanke nasu hukuncin a tsaye, suna share hawaye. Kada kowa ya sake hawa dekin sai an gina matakala. Sauran cittata da ke jibge ba a tsaga ba, mutanen gidan abokina su zo su tsaga su shanya. Maganar asibiti mu biyu mu daidaita. Ni kuma, in ji babban dattijo, daga yau duk Hausar da na samo daga Kano in fara kawo wa Fasto ya duba kafin in sake ta cikin jama'a.

Fasto ya ce mota ta mayar da ni. Abokina ya ce ba wanda zai kai ni sai shi. Aka ɗora ni a bayan mashin, farar ƙafa a miƙe gefe guda, sanda a kafaɗa kamar mafarauci. Ya ja mu a hankali, a hankali, har wata mata da itace a kai ta wuce mu tana yi mana sannu. Na ce ya ɗan sa wuta mana, ya ce in rufe masa baki, shi da ɗaukar kasada a kaina har abada.

A gida ya sauke ni kamar kwandon ƙwai, ya zauna a bakin gado, ya cinye tuwon da matata ta kawo mana, nasa da rabin nawa. Sannan ya kwance bakin jaka. Duk gulmar da ya tara tun daga Kwoi yana ta ajiye mini: wanda ya yi waƙa a wurin jana'iza ya manta baiti, wanda aka kama yana zuba yashi a buhun citta, wadda ta ƙi mijinta saboda minshari. Ina ƙaryata shi yana rantsuwa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka rana ta yi ƙasa, inuwa ta cika tsakar gida, shi kuwa yana nan a inda yake, bai ma lura na yi barci ba, ya kai wajen labarin surukin mai minsharin.